Daga keson wuri zuwa na'urar POS: wa ke ɗaukar asara idan aiki ya ɓaci a Jega, Aliero da Maiyama?

1/
Jama'a, ga zaren da na yi alkawari tun makon jiya. Yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Magana ce kan abin da malaminmu na darasin banki yake kira haɗarin gudanar da aiki, da yadda kakanninmu na kasuwar Jega suka san shi tun ba a san banki a ƙasar nan ba. Ni dai sai da na jawo wa yayana asarar naira 180,000 sannan darasin ya shiga kaina. 🧵

2/
Alhamis, 14 ga Maris 2024, azumi na huɗu. Na zo gida na 'yan kwanaki, yaya ya bar ni a rumfarsa ta POS a Aliero, kusa da inda ake lodin albasa. Wanda ya san Aliero a wannan lokaci ya san yadda take zama: buhuna har bakin titi, manyan motoci a jere, kowa na neman tsabar kuɗi ya sallami 'yan dako.

3/
Wani baƙo daga kudu ya gama lodi, ya miƙo kati zai cire 180,000. Na saka. Na'ura ta yi ta juyi, can ta ce bai yi ba. Shi kuwa wayarsa ta yi ƙara, ga alat, an cire masa kuɗin cif. Direba na danna hon, 'yan dako sun zagaye mu, rana na duka, ga ƙishin azumi. Mutum uku suka ce min, "Ba shi mana, ai ka ga alat, anjima zai faɗo maka." Na ƙirga na ba shi.

4/
Bai faɗo ba. Daga baya muka ji bankinsa ya mayar masa da kuɗinsa, don ƙa'ida tun 2020 ita ce a warware cirewar POS da ba ta kammala ba cikin awa 72. Shi yana kan hanya da kuɗi biyu, mu muna rumfa da aljihun tebur fayau. Ko lambar wayarsa ban karɓa ba. Wallahi ranar ruwa kawai na iya sha da magariba.

5/
Abin da ban sani ba lokacin: a safiyar ranar, manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Kodebuwa. Bankuna da yawa a Najeriya suka shiga matsala, wasu ƙasashen Afirka ta Yamma ma kusan ɗif suka yi. Wato waya ta tsinke kusa da Abijan, ɗalibi ya yi asara a Aliero.

6/
Ga ma'anar kalmar a sauƙaƙe. Banki na iya yin asara don wanda ya ci bashi ya kasa biya. Yana iya yin asara don farashin dala ya juya. Akwai kuma asarar da ke fitowa daga cikin aikin kansa: ma'aikaci ya yi kuskure ko ya yi sata, tsarin aiki ya zama da kafa, na'ura ta tsaya, ko wani abu ya faɗo daga waje kamar gobara, ambaliya ko 'yan fashi. Wannan ta ƙarshen ce kwamitin Basel na ƙasar Suwizalan ya ba ta gurbi nata a dokokinsa na 2004, har ya ce banki ya ware mata jari.

7/
Ku duba labarina da wannan ma'auni. Abin waje: wayar teku. Na'ura: ta ce a'a alhali banki ya cire. Tsari: yaya bai taɓa gaya min abin da zan yi idan alat da rasit suka saɓa ba. Mutum: ni, da na ji kunyar taro. Duka huɗun a minti goma.

8/
Abin da ya farkar da Turawa kan wannan shi ne bankin Barings na Ingila. An kafa shi 1762, ya rushe a Fabrairun 1995. Mutum ɗaya ne, Nick Leeson, a ofishinsu na Singafo. Shi ke cinikin, kuma shi ke kula da sashen da ke rubuta cinikin. Ya ɓoye asararsa a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827. Aka sayar da bankin ga ING na Holan a kan fam ɗaya tak.

9/
Ku riƙe wannan: mai riƙe kuɗi shi ne mai rubutawa. Yanzu mu koma gida, mu koma baya shekara ɗari biyu.

10/
Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ne ya kafa Jega wajen 1820, a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarnin ya ƙare, kasuwar Jega ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Dalili shi ne hanya. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano da sauran garuruwa zuwa Gwanja neman goro, da yawansu ta nan suke bi kafin su haye Kwara, su ratsa Bargu, su kai Salaga a arewacin Gana ta yau.

11/
Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan kusanci shekara. Ana tafiya da tufafi, kanwa, fata da dabbobi, a dawo da huhun goro. Kuma goro ba ya da haƙuri. Sai an riƙa kwance shi a hanya, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama, a sake naɗewa da ganye. Yaron da ya yi kasala a zango biyu ya ɓata jarin ubangidansa. Ba ɓarawo, ba faɗuwar farashi, sakacin aiki kawai.

12/
Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka raba aiki a ayari. Madugu ke shugabanci, shi ke magana da sarakunan hanya. Jagaba ke gaba, shi ya san mashigi da zango. Uban dawaki ke tara kason kowa na kuɗin fito da gaisuwar sarakai. Malamin ayari kuma ke rubutu. Wanda ya tara daban, wanda ya rubuta daban, wanda ya yi ciniki da sarki daban. Abin da bankin Barings ya kasa yi a 1995 ke nan.

13/
Kada wani ya ce ina yi wa zamanin da kwalliya. Ana tare ayari a kwashe, jakuna na mutuwa, mutane na mutuwa. Kuma cikin hajar da ake kasawa a kasuwannin nan, har da ta Jega, akwai bayi, 'yan Adam kamar ni da ku. Maganata kan dabarar riƙe amana ce kawai.

14/
Sai kuɗin kansa. Wuri ne. Keso guda wuri 20,000. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Ku yi lissafi: keso guda, wanda ɗan dako ke nishi a ƙarƙashinsa, dala takwas ne kacal. Ba a zare shi a igiya a ƙasar Hausa, zube yake, biyar-biyar ake ja da yatsu ana tarawa. Babban ciniki sai an zaunar da masu ƙirga. To wa zai sake ƙirga keso hamsin ya tabbatar ba a rage ba?

15/
Nan maigida ya shigo, wanda a wasu wurare ake ce wa fatoma. Baƙo ya sauka gidansa, ya ajiye kaya a ɗakinsa, dillalinsa ya nemo mai saye, a ba da la'ada. Idan an ba da kaya bashi, maigida ne shaida, kuma sunansa ne jingina. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a shekarun 1960, ya tarar Hausawa masu cinikin shanu da goro har lokacin da wannan tsari suke aiki: mahauci ya ƙi biya, maigida ne a tsaka mai wuya, don in ya bari baƙonsa ya yi asara, baɗi ba wanda zai sauka gidansa.

16/
A ganina wannan ne inshorar farko da kasuwanninmu suka sani. Ba takarda, ba ofis, amma an san wanda za a kama idan abu ya ɓaci, kuma mutum ne mai ƙarfin ɗaukar asarar. Ku riƙe maigidan nan ma, zai dawo.

17/
Turawa suka zo, suka hana shigo da wuri a 1904, suka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, sulalla suka maye gurbi. Bankin da ya zama First Bank a yau an kafa shi 1894. Ana ba da labarin cewa a 1929 Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi ashirin reshensa na Kano. Shi ma fa ɗan fataucin Gwanja ne, da goro ya fara.

18/
Ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950 'yan ƙasa suka yi ta buɗe bankuna a kudu, kusan duk wanda ya samu ɗaki da allo. Yawancinsu suka mutu cikin 'yan shekaru da kuɗin mutane. Littattafai ba a rubuta su daidai, masu banki na ranta wa kansu, ma'aikata ba horo. Shi ya haifar da dokar banki ta farko a 1952. Babban Banki kuma ya fara aiki 1 ga Yuli 1959.

19/
Mu nan yankin, duk wannan labarin nesa ne. Sai shirin kai bankuna karkara na 1977 ya tilasta wa manyan bankuna fita daga birane. Ko da hakan, manomi a ƙauyukan Maiyama tukunya ce bankinsa, ko rumbu, ko ɗan bijimi a turke. Mata kuma adashi, wanda shi ma yana da nasa ciwon: uwar adashi ita ke karɓa, ita ke riƙewa, ita ke tuna wanda ya zuba. Ranar da ta rikice ko ta ci, adashi ya mutu.

20/
Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu a canza. Kakana na wajen uwa, mutumin Maiyama, har ya rasu yana ba da labarin. "Wagga shekara an sha wuya, yaro. Wani da kuɗɗinai cikin tukunya, sai da ranakku sunka ƙare kana labari ya iske shi." Ba wanda ya saci kuɗin mutumin nan. Layi, nisa da rashin labari ne suka mayar da su takarda.

21/
1988 aka kafa NDIC, hukumar inshorar ajiya, ta fara aiki 1989. A shekarar aka buɗe Bankin Al'umma na gwamnati, sai bankunan gari daga 1990, waɗanda mutanen gari ke haɗa jari su kafa. Tunanin mai kyau ne. Amma a ƙaramin banki mai ma'aikaci biyar, kashiya ƙanin manaja ne, mai bincike surukin shugaba ne. Wa zai tuhumi wa? Da yawa suka rufe, kuma a lokacin inshorar NDIC ba ta shafe su ba.

22/
Manyan ma ba su tsira ba. Janairun 1998 aka rufe bankuna 26 a lokaci guda. Soludo ya ɗaga jari zuwa naira biliyan 25 a 2004, bankuna 89 suka koma 25. Aka ce yanzu sun yi ƙarfi. 14 ga Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin guda biyar a rana ɗaya, aka zuba musu biliyan 420. Jari mai yawa bai hana shugaba ya fi ƙarfin mai bincikensa ba.

23/
Bari in tsallaka ɓangaren inshora, don nan ne ya fi shafar manomanmu. An fara shirin inshorar noma na tarayya a 1987, shi ya zama hukumar NAIC. 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, da shinkafa a gaba. Cikin ƙa'idar bashin akwai inshora, ana cire kuɗinta daga abin da aka rubuta wa manomi.

24/
Sai ambaliyar Agusta da Satumba 2020 ta zo ta shafe fadamun shinkafa a faɗin jihar, ana gab da girbi. Ruwan kansa shi ne haɗarin da aka yi inshora dominsa, wannan ba laifin kowa ba ne. Haɗarin aiki yana wajen tambayoyin da ke biyo baya. An auna gonar kafin shuka? Sunan da ke takarda shi ne mutumin da ke gona? Manomi ya san yana da inshora? Ya san kwana nawa yake da su ya kai rahoto, kuma wa zai kai wa? Wa zai shiga kwale-kwale ya je ya gani?

25/
Na tambayi manoma a danginmu, waɗanda suka karɓi taki da iri a wancan lokaci. Ko ɗaya bai taɓa riƙe takardar inshora a hannunsa ba. Wannan ba bincike ba ne, hira ce a tsakar gida, kada ku ɗauke ta fiye da haka. Amma inshorar da mai ita bai san da ita ba, ta yaya zai nemi diyya? Shirin ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya a ƙasa baki ɗaya kafin sabon shugabancin Babban Banki ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023.

26/
Albasa kuwa ta fi shinkafa zama marainiya. A zuba ta a rudu ana jiran farashi ya tashi, zafi da danshi su ci rabonsu, gobara ta ci nata in ta zo. A loda ta a mota, ta bi Jega, Maiyama, Koko, Yawuri, Kwantagora, kwanaki a hanya. Mota ta faɗi ko ta lalace kwana uku a rana, shi ke nan. Takardar inshorar da direba ke nuna wa 'yan sanda ta wanda ya buge ce, ba ta san da buhu ko ɗaya a bayan motar ba. Wani lokacin ma ta bogi ce, an buga ta a bakin tasha.

27/
Na san abin da wasu za su ce a ƙasan zaren nan: inshora akwai garari da riba a ciki. Damuwa ce ta gaskiya, kuma malamai sun yi magana. Shi ya sa aka samar da takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979: mutane su zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda masifa ta samu a ɗebo a ba shi, rarar ta koma wa masu zubi. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Sai dai takaful ma aiki ne na mutane da littafi. In ba a auna gona ba, sunan Larabci ba zai auna ta ba.

28/
Mu dawo zamaninmu. An ba da izinin wakilan banki a 2013, BVN ya zo Fabrairun 2014. Yau tsakanin Jega, Aliero da Maiyama, za ka wuce rumfar POS da yawa kafin ka ga ƙofar banki ɗaya. Alheri ne babba, ban musa ba. Tsohuwa ba sai ta hau mota ta je layi ba.

29/
Farkon 2023 muka ga iyakar abin. Aka sauya fasalin 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tura kuɗi ta waya lokaci guda, na'urorin bankuna suka kasa ɗauka. Lokacin kakar albasa ne kuma. Manomi ya ƙi karɓar alat don jiya an cuci maƙwabcinsa da na bogi, ɗan kasuwa ba shi da tsaba, albasa na zaune a rana. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris aka fara numfashi. Tsofaffi suka ce ai mun taɓa gani, suna nufin 1984.

30/
Ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Banki yana da sashe guda na kula da haɗari, yana da masu bincike, yana da inshorar kuɗin da ke cikin ma'ajiyarsa da na kan hanya. NDIC ta ɗaga kariyar mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a 2024, kuma an ga amfaninta da aka soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yuni na shekarar. Amma wannan kariya ta mutuwar banki ce. Ba ta shafi alat na bogi ba, ba ta shafi kuɗin da ke aljihun teburin mai POS ba.

31/
Wato aikin kashiya ya fita daga ginin banki mai ƙofar ƙarfe da ɗan sanda, ya koma rumfar kwano a bakin titi. Haɗarin ya bi shi. Wanda ke ɗauke da shi yanzu saurayi ne mai jarin dubu ɗari uku na aro, shi ke karɓa, shi ke biya, shi ke rubutawa in ya tuna. A kasuwar da, asara na komawa kan mai ƙarfi. Yanzu ta gangaro kan wanda ya fi kowa rauni a layin.

32/
To, kuɗin yaya fa? Mun je reshen banki, aka ba mu fom, aka ce mu dawo. Muka dawo, aka ce a wajensu cinikin bai faru ba, don haka ba abin da za su bi. Kuma a takarda gaskiyarsu ne.

33/
Wani dattijo mai shayi ne ya ce wa yaya, "Kai, baƙon nan ai ba daga sama ya faɗo ba. Wa ya saukar da shi?" Muka bi ta wajen 'yan dako har muka samu dillalin da ya haɗa masa albasar, Alhaji ne da ya shekara talatin a harkar. Ya saurare mu, bai ce komai ba, ya ɗauko waya. A gabanmu ya ce wa mutumin, in yana son ya sake sauka wurinsa baɗi, ya duba asusunsa.

34/
Bayan sallah da kwana biyu 150,000 suka shigo. Ya ce sauran ya kashe a gyaran mota, zai cika in ya dawo. Alhaji ya ce a bar shi haka, kuma bai karɓi ko sisi a hannunmu ba.

35/
Yanzu a rumfar yaya akwai littafi mai jan bango. Duk cirewar da ta wuce dubu ashirin sai an rubuta suna, lambar waya, da wanda ya san mutum a garin. A jikin kwano ya rubuta da fenti: sai rasit ya fito. Da dare matarsa ke haɗa lissafi, ba shi ba. Ragowar 30,000 kuwa ya ce ni zan biya tunda da hannuna na ƙirga. Dubu bibbiyu nake tura masa in an turo min kuɗin abinci. Saura dubu shida.